Sunan Babana a Littafin Kutare

Jikata mai karatun lauya ta zo hutu, tana ta ba ni labari wai yanzu akwai doka: talaka na iya rubuta wa hukuma ya ce a nuna masa takarda kaza, kuma dole a ba shi amsa. Tana faɗa tana murna kamar ita ta kafa dokar. Na ce mata madalla. A zamaninmu babu wannan doka, amma ni na nema, na nace, har aka ba ni, da hatimi da sa hannu. Da ma ban nema ba.

Lokacin ina koyarwa a wata firamare ta wajen Sule Tankarkar, a shekarar da aka ce an daina En'e an koma ƙaramar hukuma. Allon bakin ƙofa kawai aka sauya. Mutanen ciki su ne dai na jiya, da kujerunsu da hammarsu. Babana ya shekara biyu da rasuwa. Baduku ne a wani ƙauye kusa da Ɗanzomo, yana ɗinkin ragama da jakunkuna da sauran kayan raƙuma, mutum marar magana, wanda zai wuni a zaure da basilla a hannu ba ka ji tarinsa ba.

Amininsa tun ƙuruciya dillalin raƙuma ne a kasuwar Maigatari, kuma mai masauki. Fataken Damagaram a gidansa suke sauka, akushi ɗaya suke sa hannu da shi. Shi kam Allah ya ba shi baki. Suna samari wani amale ya fusata ya kai wa Babana cizo, shi kuwa ya tare da hannunsa, raƙumin ya bar masa tabo a damtsen hagu, lanƙwasasshe kamar lauje. Da wannan tabo ya ci abinci har tsufa. Ko ba a tambaye shi ba sai ya naɗe hannun riga ya nuna, ya ba da labarin, kuma kowace shekara raƙumin ƙara girma yake yi. Babana yakan zauna gefe yana murmushi, bai taɓa cewa an ƙara gishiri ba.

'Yarsa ta uku nake nema. Ta gama firamare, ta iya ɗinkin hula, kuma bakin ubanta ta gado, sai dai nata da gaskiya a ciki. An kai gaisuwa an karɓa, har Inna ta fara tara kayan lefe. Sai wata rana kawuna, wanda yake shige mana gaba a maganar, ya dawo daga Maigatari ya zauna ya kasa haɗa ido da ni. Baffan yarinyar, ƙanen dillalin, shi ne waliyyi, kuma wai ya yi bincike. Binciken ya nuna an sha ganin Babana a layin kutare.

Wanda bai ga zamanin ba sai an yi masa bayani. Akwai malamin magani da yake yawo a keke ƙauye-ƙauye, kowane wuri da ranarsa a mako. Ya jingine keke a gindin itace, ya buɗe littafi, ya kira suna, mai ciwon ya fito ya karɓi 'yar farar ƙwaya ya kora da ruwa a gabansa, a moɗa ɗaya da aka ware musu. Wai a irin wannan layi, a gindin wata tsamiya nesa da garinmu, ake ganin Babana duk ranar Talata. A wurinmu kuwa, wanda aka ce ubansa kuturu ne, ko fatarsa na sheƙi, ba a ba shi mata sai a gidan da babu zaɓi.

Dariya na fara yi. Ni da liman muka yi wa Babana wanka. Yatsunsa cif-cif, na hannu da na ƙafa, jikinsa babu tabo ko na ƙurji. Gaskiya ne yana fita ranar Talata, amma wurin majema yake zuwa, kuma da fata yake dawowa a kafaɗa. Na ce wannan aikin 'yan gulma ne.

Na tafi wurin dillalin da kaina. Ya shimfiɗa mini buzu, ya sa aka kawo fura, ya yi ta salati yana girgiza kai, har da share ƙwalla da bakin rawani. Ya ce ƙanensa taurin kai gare shi, kuma tunda an ba shi walicci ba a ƙwacewa. Sannan ya dafa ni ya ce, “Ɗana, kai ɗan boko ne. Je ka wurin hukuma su ba ka takarda cewa sunan mahaifinka ba ya cikin littafinsu. Ka kawo mini, ni zan rufe bakin kowa.”

Na fito ina ganin babu mai hankali kamarsa. Ita ma da na gaya mata a zaure, ta ce in yi sauri in kawo, ita da kanta za ta miƙa wa Baffa don ta ga yadda fuskarsa za ta koma.

Ba zan faɗi garin da ofishin yake ba. Waɗanda suka zauna a ciki sun bar jikoki. Dogon gini ne mai baranda, a nan ake ajiye takardun lafiya na yankinmu. Sai in nemi izinin hedimasta, in hau keke zuwa bakin hanya, in jira mota, in isa rana ta take. Wanda na fara samu akawu ne, wani ɗan siririn mutum mai biro uku a aljihun gaba, ja da baƙi da shuɗi, ko da yake ban ga ya cire ko ɗaya ba. Na yi sallama, ya amsa da hanci. Na yi bayani da Hausa, ya mayar mini da Turanci, irin Turancin da in ɗan aji huɗu ya yi mini sai na sa ya sake.

Ya ce abin da nake nema asirin gwamnati ne. Na ce ai maganar mahaifina ce. Ya ce mahaifin nawa ne, amma littafin na gwamnati ne. In ina so, in rubuto takardar roƙo da Turanci, kwafi uku, ta biyo ta hannun shugabana. Na rubuto. Ya juya ta gaba da baya ya ce ban bar fili a gefen hagu inda za a huda ba. Na sake. Ya ce ban rubuta muƙamin shugaban ofishin daidai ba, don tun da aka yi sauyi an ƙara masa girma. Na sake. Ya ce Maigida ya tafi rangadi, alhali ga babur ɗin Maigidan can a inuwar darbejiya, kuma ina jin dariyarsa ta bayan labule.

Na yi zaman benci a barandar nan har na san tsagin kowane katako. A nan na ga yadda ake tsare asirin gwamnati. Tagar ɗakin ajiya gilasanta sun farfashe, sai aka toshe ramukan da katunan marasa lafiya, rubutun yana kallon waje. Suna, sunan uba, gari, da irin ciwo, duk ga su nan daidai idon mai wucewa. Duk mai iya karatu da ya zo jiran Maigida da su yake rage zafin jira. Ban cire kaina ba. Na karanta su tas, har na gane gidaje biyu, kuma na ji daɗi a raina cewa ba namu ba ne. Har yau in na tuna wannan jin daɗin sai kunya ta kama ni.

Mutum ɗaya ne a ofishin yake amsa gaisuwa kamar mutum: masinja, wani tsohon soja mai ɗingishi. A zuwana na huɗu ya zauna kusa da ni, ya ɓare goro ya ba ni rabi, ya tambaye ni ko na tabbata ina so a buɗe littafin nan. Na dube shi sama da ƙasa. Na ce a raina, ji wannan, ko sunansa bai iya rubutawa ba, shi zai koya mini abin da zan nema. Na ce masa ni ba ni da abin tsoro a ciki. Ya ce to, Allah ya sa a dace, ya tashi.

Abin da ya motsa su ba haƙƙina ba ne, ba kuma tausayi ba. Gajiya na yi na ɗaga murya a baranda na ce zan rubuta Kano, in faɗi ko sau nawa na zo, in kuma faɗi abin da aka liƙa a taga. Akawu ya miƙe tsaye, ranar na fara ganin tsawonsa. Aka ce in dawo mako mai zuwa.

Da na dawo an cire katunan daga taga, an sa kwali. Aka shigar da ni wurin Maigida, wani ƙaton mutum mai fara'a, yana cin gyaɗa daga cikin aljihun tebur. Ga wani babban littafi a gabansa, gara ta ci gefensa. Ya yabi ƙwazona, ya ce irinmu ƙasa take bukata. Sannan ya juyo littafin ya ɗora yatsa a kan wani layi.

Sunan Babana ne, da sunan kakana, da sunan garinmu, har da sana'a: baduku. Gaba da sunan 'yan alamomi ne a jere, mako-mako, shafi bayan shafi.

“Malam, ka yi alfahari da mahaifinka,” in ji Maigida. “Shekara tara bai yi fashin Talata ɗaya ba. Da duk kutarenmu haka suke da mun huta.”

Ya karanta mini takardar da aka buga da tafireta. Ta ce an bincika, an tabbatar mai wannan suna yana cikin masu karɓar maganin kuturta, ya sha magani yadda ya kamata, an sallame shi ya warke. Na ce masa akwai kuskure, ni na wanke gawar mutumin nan, babu komai a jikinsa. Ya ce to ai shi ya sa aka rubuta ya warke. Ya yi dariya, ya watsa gyaɗa a baki.

A waje akawu ya ce in sa hannu na karɓa. Ranar na ga ya ciro biro. Da na gama na miƙa masa, ya ce in ajiye a tebur, ya sa takarda ya ɗauka ya goge, ambulan ɗin kuma da rula ya turo mini shi. Sai da na buɗe na lura da 'yan layuka biyu a ƙasan takardar. Ashe ƙa'idar ofis ce, duk wasiƙar da ta fita sai an aika kwafi ga waɗanda abin ya shafa. An aika ɗaya ga hedimasta, tunda ta hannunsa roƙona ya biyo, ɗaya kuma ga dagacin garinmu. Tun jiya suka tafi. Wannan ne kaɗai aikin da na ga ofishin nan ya yi da sauri.

Ina fita masinja ya biyo ni da ɗingishinsa har bakin titi. Bai ce ai na gaya maka ba. Ya dai ce ya san mai rubutun da ke cikin littafin. Malamin maganin ya yi ritaya, yana nan da rai a Gagarawa Tasha.

Dagacinmu ba ya jin Turanci. Da wasiƙar hukuma ta zo masa da hatimi, sai ya yi abin da ya saba: ya sa malaminsa ya karanta a zaure, ya fassara da ƙarfi gaban duk wanda ya zo gaisuwar safe. Abin da yake jita-jita a bakin tsofaffi, ni da ƙafata na je na sa gwamnati ta buga masa hatimi. A makaranta na tarar an ware mini kofi, an ɗaura masa jan zare a mariƙi. Abokan da muke cin tuwo kwano ɗaya suka koma ɗaga mini hannu daga nesa. Masu sayen man gyaɗar Inna suka gano wai na maƙwabciyarta ya fi ƙamshi. Ita kuwa ba ta ce uffan ba, ta dai kwashe kayan lefen ta mayar can ƙasan adaka.

Ranar Asabar na nufi Gagarawa Tasha, cikina cike da maganganun da na shirya. Na same shi a ƙofar gida, bayan layin dogo, wani tsamurmurin tsoho yana yi wa tayar keke faci. Ko gaisuwa ban gama ba na fara. Na ce ya cika littafi da sunayen masu lafiya don a ce yana aiki, ya ɓata mutumin kirki, ya kashe mini aure da 'yar dillalin raƙuma na Maigatari. Ya bar ni na zazzage duka. Da na yi shiru ya tambayi sunan Babana, na faɗa, sai ya ajiye tayar ya ce Allah ya jiƙansa, ya maimaita har sau uku.

Ya shiga ciki ya jawo wani akwatin ƙarfe. Katunan majinyatansa ne, ɗauri-ɗauri da igiyar rama. Ya ce da ya bar aiki ya rubuta a zo a karɓa, ba wanda ya zo, shi kuma ba zai kai su inda za a hura wuta da su ba. Bai daɗe yana nema ba. Ya zaro ɗaya ya riƙe a gabana, bai sakar mini ba.

Sunan Babana ne a sama. A ƙasa akwai zanen jikin mutum, gaba da baya, inda malamin yake nuna wurin da ciwo ya fito. An yi 'yan zagaye uku a gadon baya, ɗaya a kwankwaso. A damtsen hagu kuma an zana wani abu lanƙwasasshe, an ja kibiya, an rubuta da ƙananan baƙaƙe: tsohon tabo, cizon raƙumi.

Na daɗe ina kallon wannan ɗan lauje. Jirgi ya zo ya wuce ban ɗaga kai ba.

“Ni ban gaya maka komai ba,” in ji tsohon. “Mutum biyu na yi wa alkawari, ɗaya ya rasu, ɗaya na nan. Kai ka duba da idonka.”

Na ce ya ba ni katin, ko aron kwana ɗaya. Na roƙe shi, na yi masa barazana, na ce haƙƙina ne. Ya mayar da shi cikin ɗaurinsa yana ƙulla igiya a hankali.

“In na ba ka, ka wanke mahaifinka,” ya ce. “To yarinyar da kake so fa, 'yar wa za a koma kiranta?”

Har na iso gida ban sami amsa ba.

Sauran labarin Inna ce ta cike mini, tana tsince wake a faifai, ba ta ɗago ba. Ta ce ina ɗan aji biyu dillalin ya zo gidanmu ya tuɓe riga a zaure ya nuna wa Babana bayansa yana kuka. Shi da hannu yake neman abinci: musabaha da fatake, akushi ɗaya da baƙi. Ranar da aka gan shi a layi, ranar kasuwarsa ta tashi. Aka kira malamin magani a ɓoye ya duba shi. Malamin ya ce ƙwaya ba ta fita sai da suna a littafi da mutum a layi, don shi ma ana zuwa duba aikinsa. Babana ya ce a sa nasa. Yakan karɓi ƙwayar ya kai hannu baki, ya kurɓi ruwa a moɗar kutare, ƙwayar kuwa tana tsakanin yatsunsa, daga nan sai cikin hula. Ya biya wurin majema ya sayi fata don a gan shi da ita. Ranar Alhamis in zai kai ɗinki Maigatari sai ya tafi da ƙwayar.

Na tambaye ta me ya sa ta bari. Ta ce ba ta bari ba, ta yi faɗa har ta yi yaji. Babana ya ce hannun da ya tare masa raƙumi ne, kuma shi baduku ba wanda yake rububin gaisawa da shi.

“Na ce masa yana da ɗa,” in ji Inna. “Ya ce boko ɗan zai yi, 'yan boko ba ruwansu da irin wannan.”

Ranar na ji haushin Babana, ba zan ɓoye ba. Na ga wautarsa: mutum ya ɗauki suna, abu ɗaya da zai bar mini, ya ba da aro kamar fartanya. Amma haushin bai kai rabin abin da na ji game da wancan ba. Ya san abin da ke cikin littafin, ya fi kowa sani. Ya dafa kafaɗata, ya kira ni ɗansa, ya aike ni in je in tono shi. Ko dai ya yi zaton hukuma ba za ta taɓa ba ni ba, in yi ta zarya har in gaji, ko kuwa so yake a ba ni ɗin, hatimi ya rufe maganar a kan mamaci. Har yau ban san wanne ya fi muni ba.

Ranar Alhamis na tafi Maigatari. Kasuwa ta cika, raƙuma na ta kuka. Na same shi a rumfarsa cikin babbar riga mai aiki, ya hakimce, ana kawo masa shayi. Labarin takardar ya riga ni zuwa. Na gane daga yadda mutanensa suka matsa suka ba ni fili fiye da wanda nake bukata. Na durƙusa na gaishe shi, na ce ina da magana. Ya taso muka zaga bayan turken raƙuma, inda babu kowa sai ƙuda.

Ya fara da jaje, wai shi ma abin ya girgiza shi, wai ashe amininsa ɓoye masa ya yi. Na bar shi ya kai aya. Sannan na ce, “Baba, na je Gagarawa Tasha. Na ga katin, na ga damtsen.”

Sai ya yi tsuru-tsuru, carbin hannunsa ya tsaya. Ina jira ya ce Allah ya jiƙan Babana, ko ya ce in yafe masa. Ya waiga hagu, ya waiga dama.

“Wa ka gaya wa?”

Na ce ba kowa. Sai na ga numfashi ya dawo masa. Na ce ba na neman ya tona kansa. Abu ɗaya nake so: ya kira ƙanensa ya ce shi ne uba, ya san gidanmu, ya ba ni. Ya ce in ya yi haka bayan takardar hukuma ta fito za a tambaye shi dalili, kuma mutane ba su da kirki, sai su fara tone-tone. Yana da 'ya'ya mata biyar, in tausaya musu. Zai nemo mini mata a Damagaram inda ba a san labarin ba, har taguwa zai ba ni. Ya ce mahaifina mutum ne mai fahimta, yana fata na gado shi.

Na dube shi, da rawaninsa da carbinsa da ƙamshin turarensa, na nemi mutumin da ya taɓa sa hannu a bakin raƙumi saboda wani, ban gan shi ba. Ban taɓa raina ɗan Adam kamar yadda na raina shi a tsayuwar nan ba. Kuma na san shi ya ci, don na san ba zan faɗa ba. In na buɗe baki, ita za a ware wa kofi, ita da ƙannenta. Na ce ya riƙe taguwarsa.

Muka dawo rumfa. Wasu fatake sun iso, ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana musabaha, hannu bibbiyu, yana tambayar hanya da iyali. Da zan tafi na miƙa masa hannu a gabansu. Ina jin so nake in gani da idona. Ya dubi hannun, ya dubi baƙinsa. Sai ya ɗora nasa a ƙirji ya ɗan sunkuya, ya ce Allah ya kiyaye hanya.

Ita na aika mata cewa takardar gaskiya ce. Ta aiko cewa ba ta damu ba, ban amsa ba. Ta sake aikowa, ban amsa ba, don ban san yadda zan zauna gabanta da wannan magana a bakina ba. Na san matsoraci ta ɗauke ni. Bayan shekara ta auri wani direba mai jigila tsakanin Gumel da Kano, ta haifi 'ya'yanta, ba wanda ya taɓa ware musu moɗa. Ubanta ya tsufa da yatsunsa cif-cif, ya je Makka sau biyu, ranar jana'izarsa rabin kasuwa ne ya bi gawar. Ni na nemi canji zuwa wani gari, a can na yi aure. Amma a ƙauyenmu akwai wani mai suna irin nawa, kuma har yau in tsofaffi suna so a gane da wa suke, ni ne ɗan kuturun.